Yadda Ake Buga Hoton Kifi a Takarda

Masuntan Japan ne suka fara wannan fasaha mai suna gyotaku a ƙarni na 19, don ajiye shaidar kamunsu. Yaran unguwa ma za su iya.

A samo karfasa. Tarwaɗa santsi gare ta, ba ta fita da kyau. A wanke ta da gishiri har yauƙin ya fita, a tsane da tsumma sosai, domin danshi shi ke ɓata aikin. A shafa tawada a gefe ɗaya, ban da ido. A ɗora farar takarda mai laushi, a bi da yatsu a hankali, kada ta goce. A ɗaga, a zana idon da alƙalami.

In tawadar gawayi da ƙaro ce, a wanke kifin a yi farfesu.