Yadda Mace Za Ta Tsare Jarinta Har Banki Ya Yarda Da Ita

Ɗaya daga cikin abubuwan da ke durƙusar da sana'ar mata a Kaduna shi ne narkewar jari cikin hidimar gida. Mai dambun nama ko mai ɗinki a Tudun Wada za ta yi ciniki mai kyau, sai maigida ya ce a ranta masa na cefane, ƙanwarsa ta ɗauki atamfa "sai ƙarshen wata", kafin a ankara uwar kuɗi ta tafi. Ba a cika yi wa namiji mai shago a Kasuwar Gumi haka ba, don kowa ya san kuɗin shago ne. Na mace kuwa kallon kuɗin gida ake yi masa.

Fara da raba aljihu. Ki buɗe asusun sana'a kaɗai da BVN da NIN ɗinki, a kan layin wayarki, ba na maigida ko ɗanki ba, domin saƙon shigar kuɗi ya riƙa zuwa hannunki. Ki yanka wa kanki albashi duk wata, daga cikinsa za ki taimaka wa gida. Sai littafi mai layi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, da bashi. Bashin dangi ki rubuta shi a gaban mai ɗauka tare da ranar biya. Da nauyi, amma wanda aka rubuta a idonsa ya fi jin kunyar mantawa.

Wurin sa farashi, ki haɗa har leda, gawayi, kuɗin keke zuwa Kasuwar Barci da ladan hannunki. Wannan na ƙarshe mata suka fi bari a baya, shi ya sa ake wuni ana aiki ba a ga riba ba.

Ki yi wa sunan sana'ar rajista a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da sunayen kasuwanci, ana yi ta intanet, kuma ki duba takardar ki ga sunanki ne a matsayin mai ita. Idan abinci ne ko man shafawa da za ki kai manyan kantuna, za su nemi lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna.

Inda aka fi barin mata a baya shi ne jingina. Banki na neman takardar fili, filaye kuwa yawanci da sunan maza suke. In kin gaji fili, naki ne a shari'a, kada ki bar shi a takardar yaya. Ki je KADGIS, hukumar filaye ta Jihar Kaduna, ki nemi shaidar mallaka da sunanki. In babu fili, wata dokar tarayya ta shekarar 2017 ta ba da damar jinginar da kayan aiki kamar keken ɗinki, injin niƙa ko firiza, ana shigar da su rajistar da ke ƙarƙashin Babban Bankin Najeriya. Ba kowane banki ke karɓa ba, ki tambaya tukuna, kuma rasit ɗin kowane kaya ya fito da sunanki tun ranar saye. Mai gudun kuɗin ruwa ta nemi bankin Jaiz ko na TAJ, inda banki ke sayen kayan ya sayar mata da riba sananniya, ta biya kaɗan-kaɗan.

Kafin ba da rance, yawanci bankuna za su nemi bayanin asusu na wata 6 ko fiye, don haka cinikin da ya zo hannu ki zuba shi banki kafin ki taɓa. Adashi ma ki riƙa zubi ta asusun, kuma mai ɗinki ta nemi kwasarta ta faɗo kafin azumi, lokacin sayen yadi da zare.