Darasi na 7: Dashen Gamba a Bakin Gona

A da ba a shuka gamba, daji ake shiga da lauje a yanko. Yanzu dajin ya zama gonaki, mai son zana sai ya je kasuwa. Shi ya sa gara manomi ya dasa tasa.

Gamba ciyawar ƙasarmu ce, rani ba ya kashe ta. Karan ya bushe, amma gindin yana nan da rai. Ruwan fari na sauka sai ta tofo, ta riga sauran ciyayi. Tsayinta kan kai mita 3.

Ana iya shuka irinta, sai dai ba shi da nauyi, iska na kwashe shi, kuma ba duka ke tsirowa ba. In za ka gwada, gauraya shi da yashi, kada ka binne da zurfi. Ni dai na fi yarda da dashe.

Bari sai damina ta zauna, wajen watan Yuli. Nemi tsohon gindi, ka tono rabi da fartanya, ka bar rabi ya ci gaba. Rarraba abin da ka tono, kowane kashi da saiwarsa da kara 3 ko 4. Datse ganyen ya rage taƙi ɗaya, don kada rana ta shanye shi kafin ya kama. Dasa da yamma, a jere, kamu ɗaya tsakani, ka take ƙasar da ƙafa. In gonar gangare ce, layin ya gitta hanyar ruwa. Nan ruwan zai rage gudu, ƙasa da taki su tsaya maka.

Shekarar farko ka tsare ta daga awaki. Daga ta biyu sai yanka. Dabba ta fi son ɗanyen ganye kafin ya yi kara. Na zana kuwa sai da kaka, bayan iri ya zuba. Kullum ka bar taƙi guda a gindi.

Hattara da wuta. An kai gamba Ostireliya a shekarun 1930 don kiwo, yau ta zame musu annoba saboda zafin gobararta. Kada ka dasa ta kusa da rumbu, kuma ka share kewayenta kafin iskar hunturu.

Aikin gida: Bakin gonarka kamu 60 ne. Kowane tsohon gindi yana ba da kashi 5. Gindi nawa za ka tono?