Shawara ga masu niyyar zuwa Argungu

Jama'a, kada ku jira sai lokacin bikin kamun kifi, don a lokacin masauki wuya yake yi, kaya su yi tsada. Ku je sa'ad da gari yake shiru, ku fara da gidan tarihi na Kanta da sassafe, kafin rana ta take. Tsohuwar fada ce tun 1831, kuma akwai kaburburan sarakunan Kabi a ciki, saboda haka a shiga da ladabi, a nemi izini kafin ɗaukar hoto. Daga nan ku gangara Matan Fada, kogin da ake yin bikin kamun kifin.

Busasshen kifi kuwa, ku karya ɗaya ku duba cikinsa, ku shinshina, kada a haɗa ku da mai ƙwari. Ku auno shinkafar gida ma. Tuwonta da miyar kifi sai wanda ya ci.