Yadda Ake Ba Kowa Gurbinsa a Labarin Ɗaukar Fansa na Zamanin Yaƙin Basasar Kano

Marubucin da ya ɗauko labarin ɗaukar fansa a kan rikicin sarauta na zamanin da yakan cika shafukansa da 'ya'yan sarki da barade, ya bar sauran jama'ar gari a bakin ƙofa. Zan kafa misali da Yaƙin Basasar Kano, wanda ya ɓarke bayan rasuwar Sarki Muhammadu Bello a 1893, sa'ad da Sarkin Musulmi Abdurrahman ya naɗa Tukur ɗan Bello, su kuwa 'ya'yan Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi suka fice zuwa Takai a bayan Yusufu.

Ka fara da fahimtar tushen rigimar kafin ka raba wa kowa rawarsa. Tukur da Yusufu jikokin Ibrahim Dabo ne, 'ya'yan wa da ƙane, saboda haka duk wanda ya mayar da Tukurawa da Yusufawa faɗan ƙabilanci ya yi wa tarihi ƙarya. Ɓarakar ta ratsa cikin gidaje ne, kuma hakan ya fi amfanar labarinka, domin mai neman fansa zai iya tarar da makashin mahaifinsa a cikin dangin matarsa.

Daga nan sai ka taka cikin birni da ƙafarka, domin sunayen unguwanni sun adana maka mutanen da kake nema. Akwai Larabawan Gadamas da Tarabulus a Dandalin Turawa, da Nufawa a Tudun Nufawa, da Yarabawa a Ayagi, ga Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari masu fataucin goro zuwa Gwanja, ga Buzaye da ayarin gishiri, ga kuma Maguzawa a karkara waɗanda mayaƙa ke ratsa gonakinsu.

Jera su kawai ba ya wadatarwa. Ka ba kowannensu abin da zai rasa idan wani ɓangare ya yi nasara, sannan ka gwada cire shi daga labarin. In babu abin da ya girgiza, to ado ka yi da shi. Balaraben da ya ba hakimi bashin alkyabba da sirdi, hakimin kuma ya bi Yusufu, yana da dalilin sayar da asiri. Marinin Ƙofar Mata da ya sha alwashin rama kisan ɗan'uwansa yana da matsalar da ɗan sarki ba shi da ita: baba ya rine hannuwansa har gwiwa, ko ya yi amawali ya rufe fuska, da zarar ya miƙa hannu karɓar ƙwarya an gane shi. Jakadiya kuwa tana shiga inda namiji ba ya shiga, saƙo yana ƙarƙashin faifan da ta rufe fura da shi, kuma tana da nata ɗan da take fargabar a kama.

Inda nake roƙon a yi hattara shi ne batun bauta. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne masu ƙarfin faɗa a ji, a lokaci guda kuma ana sayar da waɗanda aka kama a yaƙi da kuɗin wuri. Ka nuna fuskokin biyu, kada ka wanke zamanin, kada kuma ka mayar da bawa kurma marar ra'ayi. Haka nan kada ka sa baƙo ya yi gurɓatacciyar Hausa don a yi dariya, alhali wataƙila kakansa ma a Kano aka haife shi.

Yusufu ya rasu a Garko, ɗan'uwansa Alu Babba, wanda ya gaje shi a jagorancin Yusufawa, ya shiga Kano a 1894, aka kashe Tukur a 1895, zuriyar ɓangarorin biyu kuma suna nan da ransu. Don haka ka ɗora kisan da ya haifar da fansar a kan mutumin da kai ka ƙirƙira, ka bar sarakuna da abin da tarihi ya tabbatar sun aikata, sannan ka karanta wa dattawan unguwannin da ka ambata rubutunka kafin ka kai shi maɗaba'a.