Yadda za ka samu hutun Lahadi ko da damina ce

Hutun Lahadi fa tun Asabar ake haɗa shi, in ka bari sai gari ya waye sannan ka ce yau zan huta, toh ba za ka huta ba. A Littafi Mai Tsarki ma, Fitowa sura 16, haka Isra'ilawa suka yi da manna, abincin da Allah ya ba su a jeji, ran shida suke tara na kwana biyu.

Ran Asabar da yamma a kai niƙa inji, a cika randuna da jarkoki, yara su yo itace, kai kuma maigida ka yanko ciyawar da za ta ishi dabbobi kwana biyu ko ka sauko da harawa. Kayan zuwa sujada a wanke su tun da rana. Har kuɗin baikon majami'a ka ware ka ajiye, kar da safe a tsaya neman canji ana ta faɗa, a isa majami'a rai a ɓace.

Inda maganar take da wuya shi ne damina. Ruwa ya sauka daren Asabar, ƙasa ta yi laushi, maƙwabtanmu Musulmi sun fita shuka tun asuba domin su ba ranar hutunsu ba ce, kai kuma kana zaune iri na buhu, zuciya na ce maka danshin nan ba zai kai Litinin ba. Fitowa 34:21 ta san da wannan, shi ya sa ta ce a huta ko lokacin huɗa ne ko na girbi. Abin mamaki ko sarkin Rum Kustantin da ya kafa dokar hutun Lahadi a shekara ta 321 sai da ya cire manoma a ciki. Ni dai a ganina nan ne ainihin ibadar take, ka ajiye fartanya ranar da ka fi buƙatarta don ka yarda ba ƙarfinka ne ke cika rumbu ba. Dabarar ita ce ka tsara noman fari da maimai su ƙare Asabar, gayya a sa ta tsakiyar mako, kuma kar ka ce ai ni ban je gona ba amma ka tura ƴan ƙwadago ko ka bada hayar shanun huɗa. Kubawar Shari'a 5:14 har bara da sa da jaki ta lissafa a cikin masu hutu.

Amma kar a mai da abin takura. Dabba za ta ci ta sha, Yesu da kansa a Luka 13:15 ya ce kowa na kwance sansa ko jakinsa ran Asabar, ranar hutun Yahudawa, ya kai shi ruwa. Mara lafiya a kai shi asibiti. Mu yawanci Lahadi muke riƙewa saboda ranar tashin Almasihu ce, ƴan ɗarikar Adventist kuwa Asabar.

Sai batun mata, wanda ba a cika faɗa ba. An dawo sujada maza sun miƙe a gindin darbejiya, uwar gida kuwa ta shiga tuƙa tuwon mutum goma, da yamma ga taron zumuntar mata. Wannan hutun rabin gida ne kawai. A yi miya tun Asabar, ɗumame ya isa da safe, samari su ɗauki wanke-wanke, ba wanda zai mutu.

Bayan abinci a kwanta a yi barci, ba zunubi ba ne. Waya a ajiye ta ko na awa uku. In rana ta yi sanyi a karanta Zabura ɗaya da yara, ta 92 an rubuta a kanta cewa waƙar ranar Asabar ce, sannan a leƙa tsofaffi da gwauraye da ba su iya zuwa majami'a ba.

Wanda abincinsa ke kasuwar Lahadi irin ta Dambatta ko Gujungu, ya zauna da fasto su duba, in ba yadda za a yi ya bar ta, ya halarci sujadar safe tukuna sannan ya ware Litinin ko Talata cur ya huta, kuma ya sanar da abokan cinikinsa ranar don kar su riƙa sallama a ƙofar gida.