Yadda za ka ga aikin enzayim da idonka

Enzayim sinadari ne da jikin mai rai ke haɗawa domin gaggauta sauyin da zai daɗe bai faru ba idan babu shi. Yawancin enzayim furotin ne, kuma ba ya ƙarewa wurin aiki: ya kama abin da zai sarrafa, ya sauya shi, ya sake shi, ya kama na gaba. Ƙarfinsa duk a siffarsa yake. A jikinsa akwai ɗan gurbi da abu ɗaya ko 'yan kaɗan kawai ke shiga daidai. A 1894 masanin kimiyya Emil Fischer ya kwatanta hakan da kwaɗo da makulli, sai a 1958 wani masanin, Daniel Koshland, ya nuna cewa gurbin yakan ɗan lanƙwasa ya rungumi abin da ya shigo.

Wanda ya fi sauƙin gwadawa shi ne katalas, wanda ke cikin hanta da ɗanyen dankali. Aikinsa farfasa haidirojin feroksaid, wato sinadarin da ake wanke rauni da shi, ya zama ruwa da iskar oksijin, kuma ƙwayarsa ɗaya na iya farfasa miliyoyin ƙwayoyin feroksaid a daƙiƙa guda.

Ka tanadi feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, kofunan gilashi huɗu, dankali ɗaya da ruwan khal. Yanka dankalin gida huɗu, girma ɗaya, kamar santimita 2 kowane gefe. Na farko ka bar shi yadda yake. Na biyu ka tafasa shi minti 5, ya huce sarai. Na uku ya yi awa ɗaya cikin ƙanƙara. Na huɗu ka jiƙa shi a ruwan khal minti 15. Ka daddatsa kowanne, ka sa a kofinsa, ka zuba mililita 20 na feroksaid a kai.

Kofin farko zai fara tsiri-tsiri nan take, farar kumfa ta lulluɓe saman. Na ƙanƙara zai yi a hankali, na khal ya yi rauni, dafaffen kuwa shiru.

A nan ya kamata ka tsaya ka lura, domin sanyi da zafi ba abu ɗaya suke yi ba. Sanyi rage motsi kawai yake yi. Bar kofin ya ɗumama, kumfa za ta ƙaru. Zafi mai yawa kuwa warware naɗin furotin yake yi, gurbin ya lalace, kuma ko ka sanyaya shi ba zai dawo ba, kamar yadda dafaffen ƙwai ba ya komawa ɗanye. Shi ya sa enzayim ɗin jikin mutum suka fi aiki a wajen digiri 37 na ma'aunin Salshiyas, wato ɗumin jiki. Tsami ma yana taɓa siffar, amma kowanne da inda ya fi so: fefsin, enzayim ɗin da ke narkar da abinci a ciki, yana aiki a tsami mai ƙarfi, wajen 2 a ma'aunin tsami na pH, katalas kuwa wajen 7, inda babu tsami.

Idan ko kofin farko bai yi kumfa ba, zargi feroksaid ɗin. Haske da daɗewa suna mai da shi ruwa, shi ya sa ake sayar da shi a kwalba mai duhu. Idan dafaffen ya yi kumfa, tsakiyarsa bai dahu ba. Yankan da ya fi ƙanana kuma yakan fi kumfa saboda ƙwayoyin halitta da yawa sun fashe, don haka ka daidaita daddatsawar, ka wanke wuƙa tsakanin yanka da yanka.

Kada ka rufe kofin, iskar na taruwa ta yi ƙarfi. Ka kiyaye idonka, kada kuma ka yi amfani da feroksaid da ya wuce kashi 3, yana ƙona fata.