Yadda Ake Tayar da Injin Tsohuwar Motar Soja da Ta Daɗe a Ajiye

Wanda ya sayi tsohuwar motar soja a gwanjo, irin Steyr da aka riƙa haɗawa a Bauci, kada ya yi gaggawar murɗa makulli, domin injin da ya shekara a tsaye cikin zafin Sakkwato da ƙurar hunturu yana buƙatar shiri.

Da farko, a tsiyaye tsohon man dizal daga tanki, saboda ruwa da datti suna kwantawa a ƙasansa, sannan a sauya matatar mai. Bayan haka a sauya baƙin mai, a cika lagireto da ruwa, a kakkaɓe matatar iska.

Mataki na gaba shi ne batur. Yawancin waɗannan motoci suna aiki da wuta mai ƙarfin bolt 24, don haka ana jera batura biyu masu bolt 12, a haɗa kan mai alamar tarawa na ɗaya da kan mai alamar ɗebewa na ɗayan.

Fitar da iska daga bututun mai shi ne aikin da ya fi buƙatar haƙuri, kuma a nan ne masu gaggawa suke ƙone sitata a banza. A sassauta notin da ke saman matatar mai, a riƙa danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, mai ya fito zalla, sannan a ɗaure.

Sai a tayar da injin. Idan allurar da ke nuna ƙarfin baƙin mai ba ta motsa cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, a kashe shi nan take. Kada a motsa motar sai tankin iskar birki ya cika.